Neman aure da adana kayan tunawa a lokacin yaƙi: yadda ake yi a Sakkwato

A wasu tsoffin gidajen Sakkwato, in aka buɗe adakar kaka, akan tarar da 'yan abubuwan da suka rage daga auren da aka ɗaura lokacin da aka kwashi samarin Arewa zuwa yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, ko lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Lambar yabo, hoto ɗaya da ya koma ruwan ƙasa, takardar sallama daga soja, wani lokacin da wasiƙar ajami da gara ta ci gefenta. Zannuwan lefe sun daɗe da ƙarewa, kwanonin jere an rabe su ga jikoki. Abin da ya kai yau ƙarami ne, marar nauyi, kuma yawancinsa takarda ne.

Yau masu neman aure cikin irin wannan hali kashi biyu ne. Akwai sojoji da 'yan sanda da askarawa, waɗanda za a iya tura su bakin daga ba tare da dogon shiri ba, kamar sojan da ake ɗauka daga Barikin Giginya a tura Borno ko dazukan Zamfara. Akwai kuma mutanen gabashin jiha, Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah, Wurno, waɗanda yaƙin ya iske har gida, suna sa rana ba su san a wane gari za a ɗaura ba. Abin da ke biye ya shafi duka biyun.

Zance daga nesa

Kafin komai, a tabbatar da mutumin. Masu damfara sun gane cewa hoton kaki na sa zuciyar budurwa ta yi laushi, kuma "ina bakin daga" uzuri ne da ke rufe kowace tambaya. Saurayin da ba a taɓa ganin danginsa ba, ba a san unguwarsu ba, amma yana cewa a turo masa kuɗi ya sayi fas ya zo gaisuwa, ɓarawo ne. Ba a sayen hutu a soja. Baffa ko kawun yarinya ya taka da ƙafarsa zuwa gidan iyayen saurayin, ya ga mahaifinsa ko wanda ke madadinsa, ya tambayi liman da mai unguwa. Wannan ba ya buƙatar saurayin ya kasance a gari.

In magana ta tabbata, masoya su yi yarjejeniya a kan shiru. Layin waya a bakin daga ba abin dogaro ba ne, wani lokacin ma da gangan ake rufe shi, kamar yadda aka yi a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato a 2021. Su tsayar da rana da lokacin kira, misali Juma'a bayan La'asar, su kuma amince cewa mako biyu ko uku ba labari ba ya nufin mutuwa, ba ya nufin an canza ra'ayi. Saƙon tes yakan shiga inda kira ya kasa, don haka kalma uku ta "ina nan lafiya" ta fi jiran a samu sabis mai ƙarfin bidiyo. Saurayi ya ba gidan yarinya lambar mutum ɗaya da ke zaune a bariki ko a cikin danginsa, wanda za a tambaya in shirun ya yi tsawo. Mutum ɗaya, ba biyar ba. In masu ba da labari suka yi yawa, jita-jita ce ke isowa.

Akwai tambayoyin da ba a yi a waya: kuna ina yanzu, yaushe za ku tashi, ku nawa ne, ta wace hanya za ka dawo. Ba rashin yarda ba ne. Waya na faɗuwa hannun wani, kuma budurwa kan faɗa wa ƙawarta cikin murna, ƙawar ta faɗa a gidan biki. Haka nan kada hoton saurayi cikin kaki ya zama fuskar wayar yarinyar da ke bin hanyar Goronyo ko Isa. In 'yan bindiga suka tare mota, wayoyi suke fara dubawa, kuma wadda aka gane tana da alaƙa da soja kuɗin fansarta da wahalarta daban ne. A tura irin waɗannan hotuna ma'ajiyar intanet a goge su daga wayar. Hoton kafin biki da amarya ke sa rigar kaki shi ma a bar shi, doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma yana iya jawo wa angon hukunci a wajen aiki.

Mu dai a ganinmu wasiƙar takarda ba ta tsufa ba. In ana samun mai zuwa, a rubuta da biro, don tawadarsa ba ta narkewa da gumi ko yayyafi kamar ta alƙalami mai ruwa. A sa kwanan wata a kai, kada a sa sunan wuri. Tsarabar da za a ba mai tafiya ta kasance wadda za ta shiga aljihu: hular da aka ɗinka da hannu, hankici, zoben azurfa, ƙaramin hoto. Kada a rubuta suna, unguwa ko lambar waya a bayan hoton.

Duk abin da aka kai gidan yarinya tun daga kuɗin na gani ina so har kayan sa rana, a rubuta shi a littafi ɗaya da kwanan wata da sunan wanda ya kai da wanda ya karɓa. Dalili shi ne nema a lokacin yaƙi yakan ja shekara biyu ko uku, kuma yakan watse. Sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne in namiji ne ya fasa ba ya karɓar abin da ya bayar, in ɓangaren mace ne suka fasa yana da damar nema, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. Alƙali ba zai iya raba wannan gardama da "ai na tuna" ba.

Ɗaurin aure ango ba ya nan

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, tunda ko ango yana gari wakilinsa ne ke karɓar masa aure. Abin da ake buƙata bai canza ba: waliyyi, shaidu biyu adalai, sadaki, da siga. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato kimanin giram 1.06 na zinari, tunda dinari giram 4.25 ne. Kuɗinsa na hawa da sauka, don haka a tambayi masu sayar da zinari a makon ɗaurin auren, kada a yi aiki da farashin bara.

Inda ake tuntuɓe shi ne wakilcin. Ango ya rubuta takarda da hannunsa kafin ya tafi, ko ya aiko da ita: cikakken sunansa da na mahaifinsa, sunan wakili, sunan amarya da na mahaifinta, adadin sadaki da ko lakadan ne ko ajalan, kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, sa hannunsa da na shaidu biyu. Ya ƙara da saƙon murya yana karanta abin da ya rubuta. Sannan, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa, a ji muryarsa da safiyar ranar ɗaurin aure, a rubuta ƙarfe nawa aka yi magana da shi. Ba a ɗaura wa mamaci aure. In daga baya labari ya zo cewa ya rasu a wannan makon, bambancin awa biyu ne zai nuna ko yarinyar matarsa ce mai gado da takaba, ko kuwa budurwa ce da aka yi wa baiko kawai. In an kasa samunsa a waya, ɗaga ranar ya fi sauƙi a kan wannan rikici.

In kuwa yana kwance asibiti da rauni mai tsanani, dangi suka ce a gaggauta ɗaurawa don a faranta masa, a fara zuwa wurin malami. Malikiyya ba su halatta auren mai ciwon da ake tsoron ajali a cikinsa ba, kuma ana raba irin wannan aure.

Gwajin jini na sikila, ƙanjamau da ciwon hanta a yi shi tun yana hutu, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ko duk inda ake yi, kada a bari sai an sa rana. Masu AS biyu, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma macen da mijinta ke daji ita kaɗai za ta yi ta jinya.

A kuma yi magana a fili kan wanda zai ciyar da amarya tsakanin ɗaurin aure da tarewa, tunda tazarar na iya kai wata shida. Kunya kan hana a tayar da maganar, daga baya ta zama gori tsakanin surukai. Amarya ta buɗe asusun banki da sunanta, ango ya sa banki ya riƙa tura mata adadin da aka yanke duk wata ba sai ya samu sabis ba.

A yankunan da ake fama da 'yan bindiga, baje lefe a tsakar gida ana ɗauka a waya ana sa wa a Facebook ko TikTok sanarwa ce ga masu kai musu rahoto. A kai lefe a rarrabe, akwati ɗaya ko biyu a lokaci guda, ba jerin motoci ba. Kai amarya a yi shi da rana tsaka, da mota ɗaya ko biyu, ba guɗa a hanya, kuma a sanar da ranar ga waɗanda dole su sani kawai. Gwaggo za ta yi ƙorafi cewa an yi biki kamar na sata. A ba ta haƙuri.

Takardun da ke tsayawa a madadin mutum

A cikin mako guda a karɓi takardar shaidar aure daga masallacin da aka ɗaura ko kotun shari'ar Musulunci mafi kusa. A duba rubutun sunaye harafi da harafi, ya zo daidai da abin da ke kan katin ɗan ƙasa da takardun banki. Wadda take A'ishatu a wata takarda, Aisha a wata, Indo a ta uku, za ta sha zirga-zirga ranar da ta je neman haƙƙi. Ango soja ya kai takardar rundunarsa a shigar da auren cikin bayanan aikinsa, ya kuma sabunta takardar magaji, wadda da yawa suka cike da sunan uba ko wa tun ranar da aka ɗauke su aiki. A sani kuma wanda aka rubuta a takardar magaji mai karɓa ne, ba mai cinyewa ba. Abin da ya zama gado Shari'a ce ke raba shi.

Kayan ɗaki da lefe na amarya ne. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya ranar jere, gado, katifa, firji, kwalla saiti kaza, atamfa turmi kaza, a ɗauki hoton ɗakin ta kusurwa huɗu, mace ɗaya daga kowane ɓangare ta sa hannu. In miji ya rasu a bariki aka zo kwashe kaya, wannan takarda ce ke hana a haɗa nata cikin gado.

Kada a yi wa takarda ta asali laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga jikin takardar, ba a iya cirewa, kuma wasu ofisoshi ba sa karɓar ta don ba a iya taɓa hatimin. A yi fotokwafi uku, a yi wa kwafin laminatin in ana so. Rasit ɗin POS da na wasu shagunan zinari da atamfa kuwa da zafi ake buga shi, ba da tawada ba. A bazarar Sakkwato, da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu, yakan koma fari fes cikin 'yan watanni, in aka sa shi a injin laminatin kuma ya koma baƙi ƙirin nan take. A ɗauki hotonsa a ranar da aka karɓe shi.

Wasiƙu a warware su a ajiye a miƙe, don a kan layin ninki takarda ke fara yagewa. A cire fil da ƙusar sitefila, suna tsatsa da damina su bar jan tabo. Ba salatif, ba robar ɗaure kuɗi. Dukansu narkewa suke su manne. A sa farar takarda tsakanin kowace wasiƙa da ta kusa da ita, a zuba su cikin fayil na kwali. Wasiƙar da aka rubuta da tawadar allo ta gawayi da ƙaro, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta, don haka ko da jiƙaƙƙen yatsa ba a taɓa ta. Wanda ya gaji tsoffin takardun ajami da suka fara rugurgujewa, ya nemi shawarar ma'aikatan Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu kafin ya gwada gyara da kansa.

Hotuna da murya

Yawancin hotunan bikin yanzu a waya ɗaya suke zaune, wayar kuma ita ce abu na farko da ake ƙwacewa. Ƙa'idar ita ce kwafi uku a wuri uku: ɗaya a wayar, ɗaya a memori ko filash da aka ajiye a gidan wani ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet. Asusun Google na ba da gigabayit 15 kyauta, ya ishi hotunan biki da takardu in ba a cika shi da bidiyo ba. Amma kamfanin na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, WhatsApp kuma yakan goge wanda ya kwana 120 ba a buɗe ba. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na sake sayar wa wani. Saboda haka a rubuta adireshin imel da kalmar sirri a takarda, a sa cikin fayil ɗin takardun aure, a kuma sa lambar mutum na biyu a matsayin ta farfaɗo da asusu.

Mai hoto ya ba ku hotunan a filash da cikakken girmansu. In ta WhatsApp zai turo, ya turo a matsayin dokumen, in ba haka ba manhajar na matse hoton, ranar da aka zo wanke babba sai fuska ta fito dishi-dishi. Memori da filash ba sa son zafi kuma ba sa son dogon ajiya ba a jona su ba. Duk shekara, a ce bayan Babbar Sallah, a jona a duba, a kwafe zuwa sabo bayan shekara uku ko huɗu. Tsohon faifan bidiyon biki da kaset ɗin murya a kai a juye su tun suna yi.

Saƙonnin murya su ne abin da matan da suka rasa maza suka fi baƙin cikin rasawa, kuma su ne ba a tunanin adanawa. A zaɓi goma ko ashirin, a tura su zuwa imel ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowanne kwanan wata. Abin da mutum ba zai so mai gyaran waya ko ɗan bindiga ya gani ba, tun farko kada a ɗauke shi.

A wanke aƙalla hotuna ashirin a takarda. A rubuta sunayen mutane da shekara a baya da fensir mai laushi, biro na huda hoto ya kuma fito ta gaba. Albam mai gam da ledar da ake ɗagawa yana cin hoto. Mai aljihu ya fi. Hoton da ke cikin firam kada ya taɓa gilashi, a sa kwali a gefe ya raba su, don laimar damina na manne su. In ya riga ya manne kada a ja, a ɗauki hotonsa ta cikin gilashin a inuwa ba tare da filasha ba. Hotunan da ruwa ya jiƙa a raba su tun suna jiƙe, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa fuska sama, ɗaya-ɗaya. In suka bushe a haɗe, sun tafi.

Akwatin zannuwa da sauran kaya

Ba duka lefe ake ajiyewa ba. A zaɓi uku ko huɗu: zanen kamu, mayafin da aka kai amarya da shi, babbar rigar ango da hularsa, wataƙila saƙin da Inna ta bayar. Sauran a ɗaura su, don tufa aka saye su.

A wanke kafin a ajiye ko da sau ɗaya aka sa, saboda gumi da humra ba sa nunawa da farko, sai bayan shekara su fito rawaya. Kada a sa sitati, abincin kyankyaso da asu ne. A bari ya bushe sarai, yini guda cur bayan an ga kamar ya bushe. A naɗe kowanne cikin tsohon farin zanen gado na auduga da aka wanke, ba cikin leda ba. Leda na riƙe laima a Agusta, funfuna ta kama. Mai rinin shuni a naɗe shi shi kaɗai, yana shafa wa na kusa da shi. Shadda da leshi masu aiki a naɗe su kamar tabarma maimakon ninki, in kuma dole a ninke, a sauya layin ninkin duk wata shida.

Kafur ɗin da ake zubawa cikin kaya yana korar ƙwari, amma yana da haɗari ga jarirai: akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Akwatin amarya kuwa shi ne gobe za a ciro zanen goyo daga ciki. A yi amfani da busasshen ganyen dogon yaro cikin tafin hannu biyu da kanumfari cokali ɗaya, a ƙulle a ƙyalle don kada su taɓa tufa, a sauya duk shekara. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a tara biyar ko shida a jefa ciki.

Akwatin ƙarfe ya fi na fata da na katako a nan, don gara da ɓera. A ɗora shi a kan bulo huɗu, a bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, kada a kai shi saman sili ƙarƙashin kwano inda zafi ke dafa komai. Masu zama kusa da fadamar Rima su ɗora shi sama da haka. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 ba sai an gaya musu ba. A buɗe shi sau biyu a shekara, farkon ɗari da kuma kafin ruwan farko, a sha iska a inuwa.

Zinari a auna shi gaban mai shi, a rubuta giram da karat, 18 ko 21 ko 22, a ɗauki hotonsa a kan sikeli lambar na nunawa. Kowane yanki da ƙyallensa don kada su goge juna. Azurfa na baƙi in ta haɗu da roba ko turare. A shimfiɗa takardar alminiyam a kwano, a zuba ruwan zafi kofi biyu da hodar bekin soda cokali biyu, a sa azurfar ta taɓa takardar na minti biyar, a ɗauraye a goge. Mai dutse ko murjani ba a yi masa haka. Tasa da kumbo na tagulla, jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka mai laushi sun isa, sai dai a busar da su sosai. Kwanonin samira a sa ƙyalle tsakaninsu in za a jera ciki da ciki, don inda fenti ya ɓantare nan tsatsa ke shiga. Kayan dukawa na jar fatar akuyar Sakkwato, gafaka ko titimi ko takalmin amarya, hunturu ne ke fasa su: man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu, a murza sau ɗaya a shekara, a fara gwadawa a ɓoyayyen gefe don yana ƙara wa fata duhu. Ƙwaryar da ta tsage aikin gyartai ce, ba ta gam ba.

Jakar gudu

Akwati ba ya gudu. Duk gidan da ke inda ake iya tashi cikin dare yana buƙatar ƙaramar jaka da ba ta wuce kilo 2 ba, wadda mace mai goyo za ta rataya ƙarƙashin hijabi. A ciki: takardar aure, katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, jerin kayan ɗaki, hotuna biyar, memori ɗaya, da takarda mai lambobin waya biyar da aka rubuta da hannu. A sa su cikin leda mai zif biyu, ɗaya cikin ɗaya, bakinsu na kallon saɓanin juna. Nan leda ta halatta, amma a buɗe ta duk wata ta sha iska. Wurinta ɗaya ne kullum, kusa da ƙofa, kuma mutum biyu su san shi.

Abin da ya fi wannan shi ne takardun asali da zinari su riga mutum isa birni. A kai su amana wurin ɗan'uwa a Mabera ko Arkilla ko duk inda ake da amintacce, a rubuta abin da aka bayar, kowa ya riƙe kwafi. Shago a kasuwa ba ma'aji ba ne. Gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ta isa misali. Masu binnewa su sani ƙasa ba ta riƙe tufa ko takarda, gara da laima na gamawa da su cikin damina ɗaya. Ƙarfe kawai ake binnewa, cikin kwalba mai murfi, kuma a auna wurin daga bishiya ko rijiya, ba daga bango ba, don ginin ƙasa da aka bari damina biyu ba a gane inda ɗaki yake. Kuma ba a komawa ɗauko kaya sai jami'an tsaro da mutanen gari sun koma.

In labari ya yanke

In an tabbatar da rasuwa bayan ɗaurin aure, ko da ba a tare ba, matar na da cikakken sadakinta, tana da gado, rubu'i in ba shi da ɗa, sumuni in yana da shi, kuma za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ta je rundunarsa da takardar aure da wani namiji daga danginta, ta ba da kwafi, ta riƙe na asali. A bariki, magajiya, wato shugabar matan bariki, ta san ƙofar da ake fara bugawa.

In kuwa ɓata ya yi, ba gawa ba labari, dangi ba su da ikon cewa aure ya mutu. Alƙali ake kai wa. Abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne a yi bincike, a ɗiba masa shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka gama neman, sannan ta yi idda irin ta mamaci. Wanda ya ɓata a fagen fama kuma yana da nasa hukuncin dabam, haka ma wadda aka bari ba abin ci. Lissafin daga ranar kai ƙara yake farawa, ba daga ranar da waya ta daina shiga ba, don haka zaman jira a gida shekara biyu ba ya rage komai. Ranar zuwa kotu ta tafi da takardar aure, takardar wakilci, kwanan watan kiran ƙarshe, da duk wata takarda da rundunarsa ta bayar a kan ɓatansa.